Shucin da Bai Isa Rumbu Uku Ba

A wani ƙauye da ke gindin dutse an yi wani mutum, sana'arsa baibayar ɗakuna da rumbuna. A wurin mahaifinsa ya gaji aikin, ya kuma daɗe a cikinsa har mutane suka manta da sunan da aka raɗa masa, babba da yaro sai dai su ce Mai Jinka. Hannunsa yana da kyau. In ya baibaye maka rumbu, sai ka yi damina uku ba ka ga ɗigon ruwa a kan hatsinka ba. Aibinsa ɗaya ne, kuma irin aibin mutanen kirki ne: bakinsa ba ya iya furta a'a. Ko rigar da ke jikinsa ka roƙa, zai ce maka to, sa'an nan ya koma gida yana tunanin abin da zai sa.

A ƙauyen nan akwai ƙungiyoyi uku masu aikin taimako, ba don riba ba. Akwai zumuntar mata, wadda wata dattijuwa mai suna Keziya take shugabanta, su ne masu ciyar da gwauraye da marayu. Akwai ƙungiyar gayya ta magidanta manoma, shugabansu Habila, tsaran Mai Jinka. In ciwo ya kwantar da mutum da damina har gonarsa ta lalace, su suke riƙe gidansa. Sai ƙungiyar dattawa a ƙarƙashin Baba Zakariya, masu saukar da baƙo da duk wanda wata masifa ta koro daga garinsu. Kowace kaka mutanen kowace ƙungiya sukan kawo abin da Allah ya hore musu a zuba a rumbu. Mata kaura suke tarawa, jar dawar nan. 'Yan gayya farfara suke nomawa, farar dawa. Dattawa kuwa gero.

Dukansu mutanen kirki ne, kada wani ya ce na ce ba haka ba. Ran Lahadi a ɗaki ɗaya suke sujada, su fito su gaisa har da tambayar awaki. Amma kowace ƙungiya rumbunta yana gidan shugabanta, can bayan danga, inda idon sauran ba ya kaiwa. Kowa da tsaninsa, kowa da mudunsa. In tsanin 'yan gayya ya karye, gara su yi kwana uku suna ɗaure shi da igiya da a ce an aika aro gidan Baba Zakariya. Ba gaba suke yi ba. Kowa dai ba ya so a san cikinsa.

Ana nan sai wata shekara, bayan an gama kaka, masu farautar gafiya suka sa wa daji wuta tun kafin a yanki ciyawa. Wutar ta bi fadama ta cinye shucin da ake baibaya da shi ƙurmus. Shekarar kuwa ita ce jinkar rumbunan nan uku ta cika damina uku, duk sun ruɓe, suna neman sabuwa. Mai Jinka ya ɗauki laujensa ya yi ta yawo, har bayan dutse, har bakin kogin da ba a zuwa sai da guzuri. Bayan mako biyu abin da ya tara dami goma sha biyu ne. Rumbu ɗaya kuwa, in ana son aiki na gaskiya, dami goma yake ci.

Labari ya zaga cewa Mai Jinka ya sami shuci. Keziya ce ta fara zuwa, ta biyo ta bayan gari don kada a gan ta.

Ta ce, "Ɗana, ka san bakunan da ke jirana. Gida goma sha bakwai ne bana. Ka rufa mini asiri ka rufe rumbunmu."

Ya ce, "To, Mama."

Kashegari Habila ya tare shi a hanyar rafi, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Abokina, ni da kai ba sai an yi dogon zance ba. Shucin nan namu ne, ko?"

Ya ce, "To, ba damuwa."

A rana ta uku Baba Zakariya ya aika a kira shi. Ya je ya durƙusa. Tsohon ya ce, "Ni da mahaifinka tare muka yi wasan ƙasa. Na san ba za ka bar geron baƙi a rana ba." Mai Jinka ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba."

Da ya koma gida ya gaya wa matarsa, sai ta dubi damman nan da ke jingine a danga, ta dube shi, ta ce, "Maigida, shucin nan haihuwa zai yi?"

Ya zauna ya raba shucin kashi uku, kowa dami huɗu. A ransa yana cewa adalci ya yi. Ya yanta shi siriri, ya ja shi, ya baje shi, ya sa dukan gwanintarsa, har jinka uku suka fito sumul. Daga waje in ka gani sai ka yi sha'awa. Kowane shugaba ya yi murna, yana tsammani shi kaɗai aka yi wa alheri. Keziya ta sa masa albarka, Habila ya aiko masa da zakara. Amma Mai Jinka ya san abin da ya yi. Kowane rumbu da ya gama, yakan leƙa ta ƙarƙashin jinkar ya ɗaga kai, sai ya ga hasken rana yana ratsowa kamar ta rariya. Zakaran nan da aka yanka, ko romonsa bai iya sha ba.

Rani ya wuce, bazara ta shigo da zafinta. Wata rana da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwan fari. Ba wani ruwa mai yawa ba ne, ko ƙura bai gama kwantarwa ba. Jama'a suna ta murna suna gyara fartanya. Mai Jinka kuwa yana tsaye a bakin zaurensa, kowane ɗigo da ya sauka kamar a ƙirjinsa yake sauka.

Da gari ya waye sai ga Keziya, wannan karo ta babbar hanya ta biyo. Ta buɗe tafin hannunta ta nuna masa kaura a jiƙe. Kafin ta fita Habila ya iso da faɗa, tun daga nesa ana jin muryarsa. Kafin rana ta take, saƙon Baba Zakariya ya zo. Rumbunan nan uku duk sun yi yoyo. Aka kwashe hatsin sama aka shanya a tabarmi, wani ya tsira, wani ya yi fumfuna aka watsa wa kaji.

Wannan asara ƙarama ce. Abin tsoron yana gaba. Kowa ya san nan da mako biyu ko uku ruwa zai sauka sosai. In ya sami hatsin nan a ƙarƙashin irin wannan jinka, zai jiƙe har ƙasa, ya tsiro, ya ruɓe. In kuwa ya ruɓe, to, a tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, gwauraye da marasa lafiya da baƙi ba su da inda za su miƙa hannu. Kuma babu sauran shuci ko tsinke ɗaya a dukan ƙasar.

Mai Jinka ya shiga damuwa ƙwarai. Ya ga cewa to ɗin da ya yi ta rabawa don kada ran kowa ya ɓaci, ita ce za ta sa marayu kwana da yunwa. Ya zagaya bayan gidansa don ya kaɗaita ya yi addu'a. A nan ne idonsa ya faɗa kan rumbun mahaifinsa.

Wani babban rumbun ƙasa ne, a ɗore bisa duwatsu, mutum shida ba su zagaye shi da hannu. Tsohon ya gina shi zamanin da gidan yake cike da mutane, ya kuma raba cikinsa uku da katanga, nan dawa, nan gero, nan wake. Da ya rasu 'ya'ya suka watsu, wasu birni, wasu gabas, rumbun ya yi wa Mai Jinka girma. Shekara da shekaru ba a zuba masa ko mudu ɗaya ba. Sai dai kowace bazara yakan lulluɓe kansa da tsofaffin zana don kada ruwa ya rushe aikin mahaifinsa. Ya tsaya yana dubansa, yana auna faɗin bakinsa da ido. Jinkarsa dami goma sha biyu za ta ci, ba ƙari ba ragi.

Ran Lahadi bayan an tashi sujada ya bi shugabannin nan ɗaya ɗaya ya roƙe su su zo gidansa. Bai gaya wa kowa ya kira sauran ba. Suka haɗu a zaure, kowa yana kallon ɗan'uwansa ta gefen ido.

Mai Jinka ya durƙusa ya ce, "Baba, Mama, Habila, na yi muku laifi. Shucin rumbu ɗaya gare ni, na ce wa mutum uku to. Kowannenku dami huɗu na ba shi. Na sani tun ina ɗaurawa cewa ba zai tare ruwa ba, amma kunyar idonku ta hana ni faɗa. Ku gafarta mini."

Habila ya buɗe baki zai yi magana, sai ya tuna shi ma a ɓoye ya je neman shucin, ya rufe bakinsa.

Mai Jinka ya kai su bayan gida ya nuna musu rumbun. Ya ce in aka kwance jinkan nan uku aka haɗa shucinsu, zai ishi wannan guda ɗaya, da kauri yadda ya kamata. Kowace ƙungiya ta ɗauki ciki ɗaya.

Baba Zakariya ya yi gyaran murya ya ce, "To, rumbun wa za a riƙa kiransa? Shekara talatin ana cewa rumbun dattawa."

Keziya ta ce, "Mu mata ba mu hawa rumbu. A gidana ina da wanda nake sawa. A nan wa zai riƙa ɗebo mana?"

Habila ya jawo tsani ya hau, ya ɗaga zana ya leƙa. Ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya sauko yana kaɗa kai. Ya ce, "Katangun ciki gajeru ne, iyakarsu ƙirjin mutum. Wanda ya shiga nasa zai ga na kowa. In ana so mu yarda, sai a kwaɓa ƙasa a ɗaga su har sama, kowa ya san nasa."

Duk suka juyo suna duban Mai Jinka, suna jiran to ɗin da suka saba ji. Shi ma ya ji ta taso masa har maƙogwaro. Ya tuna da jiƙaƙƙiyar kaurar da ke tafin Keziya, sai ya haɗiye ta.

Ya ce, "A'a."

Habila ya ce, "Me ka ce?"

Ya ce, "A'a na ce, abokina. Bakin rumbun ɗaya ne. In katanga ta kai sama sai an fasa baki uku, baki uku kuwa jinka uku yake nema, mun koma inda muka fito. Kuma ɗanyar ƙasa ba za ta bushe kafin ruwa ba. Yadda Baba ya gina shi haka zai zauna. Kaura ja ce, farfara fara ce, gero gero ne. Ba abin da zai ɓace wa wani."

Matarsa tana daga bakin madafa tana ji, har ludayi ya kusa faɗuwa daga hannunta. Shugabannin kuwa suka tashi ba a daidaita ba. Kowa ya ce zai je ya yi shawara da mutanensa, wadda a ƙauyen nan, kamar a namu, ita ce hanyar binne magana cikin ladabi.

Kwana biyu ba wanda ya motsa. A rana ta uku da hantsi gabas ta yi baƙi, aka yi ta cida, amma iska ta kore hadarin bai zuba ba. Bayan azahar Mai Jinka yana zaune a zaure ransa a jagule, sai ya ji waƙa tana matsowa. Ya leƙa. Matan zumunta ne a jere, kowace da kwandon kaura a ka, Keziya a gaba da sandarta.

Ta ce, "Ɗana, buɗe mana. A kira rumbun da sunan da aka ga dama. Gwaurayena ba suna suke ci ba."

Ƙauye ba ya ɓoye abu. Kafin matan su yi sawu na biyu, 'yan gayya sun ji kunya sun fito da amalankensu. Baba Zakariya ya ga an bar shi shi kaɗai da suna, ya sa aka ɗauko masa kujerarsa aka kawo gindin itacen da ke bayan gidan Mai Jinka, ya ce ai tun farko shi bai ƙi ba.

A aikin nan ne suka ga abin da shekara da shekaru ba su gani ba. Matan suka sa aka share cikin rumbun, suka kawo toka da busasshen ganyen darbejiya aka shimfiɗa a ƙasa, aka riƙa barbaɗawa tsakanin hatsi. Habila ya tambayi amfaninsa. Keziya ta ce maganin ƙwari ne, tun kakanninsu haka suke yi. Habila ya riƙe baki, don kowace shekara ƙwari sukan cinye musu kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma bai taɓa tambaya ba. Dattawa, waɗanda ba su iya ɗaukar kaya, suka zauna a inuwa suna tufka igiya suna taya Mai Jinka yanta, sai ga shi hannunsu ya fi na kowa sanin aikin. 'Yan gayya suka kwance tsofaffin jinkan nan uku, suka yi jigilar hatsi, kuma da aka gama sabuwar jinka su suka ɗaga ta. Mutum goma sha biyu ta ci kafin ta hau. Babu ƙungiya ɗaya a cikinsu da za ta iya wannan aiki ita kaɗai.

Aka yi shawara a gindin itacen. Tsani ɗaya ya isa, a ajiye shi gidan Baba Zakariya. Ran Talata za a riƙa buɗe rumbu, da mutum ɗaya daga kowace ƙungiya a wurin. 'Yan gayya su ne masu hawa su ɗebo wa kowa daga cikin nasa. Kowace ƙungiya kuma ta ci gaba da kai wa mutanenta kamar dā, ba mai shiga aikin wani.

Kwana huɗu da gamawa ruwa ya sauka. Aka wuni ana yi, aka tashi da shi, aka sake wuni. Da ya ɗauke, Mai Jinka ya riga kowa zuwa. Ya hau, ya tura hannu cikin kaura har gwiwar hannu, ya tura cikin farfara, ya tura cikin gero. Duk a bushe ƙayau. Ya zauna a kan tsanin nan ya yi kuka, ya gode wa Allah.

Da a nan misalin ya ƙare, da ya isa. Amma akwai saura kaɗan.

Damina ta yi nisa, aka shiga marka, lokacin da tuwo yake ƙanƙancewa a kowane gida. A shekarar an yi rashe-rashe, gidajen da Keziya take ciyarwa suka tashi daga goma sha bakwai suka zama ashirin da biyu. Ba ta gaya wa kowa ba, mai hawan rumbun ma bai kai zancen ko'ina ba, don ba a saba ba. Sai ta riƙa rage mudu, tana fata a kai ga sabon gero.

Wata Talata Habila da kansa ya zo hawa, don mai hawan ba shi da lafiya. Mai Jinka yana riƙe da tsani. Keziya ta miƙa kwandonta ta ce, "Ɗan abin da ya saura a namu, ka sharo mana."

Habila ya shiga. Ya tsaya a cikin farfararsu, wadda ta kai masa gwiwa, saboda bana ƙwari ba su taɓa ta ba. Ya leƙa ta kan katanga. Cikin na mata babu kome sai toka da ganyen darbejiya da 'yar kaurar da ba ta cika mudu biyu ba. Sauran mako biyar kafin a yanki gero.

A waje aka ji shiru. Shirun ya yi tsawo har Baba Zakariya ya ce ko lafiya. Mai Jinka, da yake kunnensa yana kusa da jikin rumbun, sai ya ji ƙarar hatsi yana zuba. Aka ɗan dakata, ya sake zuba, ya sake, ya sake. Ya daina ƙirgawa a kwando na tara.

Can sai ga Habila ya fito, kansa duk toka, ya miƙo kwando cike. Keziya ta karɓa, ta duba, ta ɗebo a hannu.

Ta ce, "Habila, wannan ba tamu ba ce. Tamu ja ce."

Habila ya kau da kai yana kakkaɓe riga. Ya ce, "Katangar ce gajera, Mama. Ku tambayi Mai Jinka, shi ya hana a ɗaga ta."

Da yamma ya tara 'yan gayya ya gaya musu abin da ya gani da abin da ya yi, ya ce in akwai laifi a kansa yake. Ba wanda ya ga laifinsa. Wani ma cewa ya yi, shekarun baya da rumbun mata yake bayan danga, wa ya san sau nawa ya ƙare ba a ji ba? A shekarar nan babu gidan gwauruwa ko na majiyyaci ko na baƙo da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, har sabon gero ya shigo.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan.

Rumbunan nan uku su ne ƙungiyoyinmu, na cikin ikkilisiya da na unguwa: zumuntar mata, ƙungiyar matasa, masu ziyarar asibiti, masu kula da marayu, masu gyaran rijiya. Hatsin shi ne aikin da Allah ya danƙa wa kowace, da mutanen da suke jiranta. Wannan naku ne, ba mai ƙwace muku.

Shucin kuwa shi ne abubuwan da kowace ƙungiya take bukata amma ba su ne dalilin kafa ta ba: ɗakin taro, kujeru, motar kai kaya, wurin ajiya, janareta, mai iya rubuta takarda ta fita da kyau. Waɗannan ba su da yawa a cikinmu, kuma ba za su haihu don mun raba su ba. Ku duba bayan ɗakin sujadarmu. Ƙananan janareta nawa ne a jibge, kowane da sunan ƙungiyarsa a jiki, kuma ran da ake bukata ba ko ɗaya da yake tashi? Jinka uku ke nan masu kyau daga waje.

Mai Jinka yana nan a cikinmu, kun san shi. Shi ne ɗan'uwan nan ko 'yar'uwar nan da ƙungiya huɗu suka naɗa magatakarda, kowace ta bi ta bayan gari ta roƙe shi, ya ce to. Yana ta yanta kansa siriri don ya ishe mu duka, mu kuwa muna yaba masa, har ran da aiki ya yi yoyo mu taso masa da faɗa. In kai ne shi, ka ji: to ɗin da ba ka iya cikawa ba alheri ba ce. Ƙauna takan ce a'a, sa'an nan ta nuna hanya mafi kyau. In kuwa kai ne mai roƙon, ka daina bi ta bayan gari. Ku zauna ku uku a zaure ɗaya, ku ga abin da yake akwai.

Wani zai ce, in mun haɗa kaya sunanmu zai ɓace. Ku lura, katangun nan ba a rushe su ba. Kaura ta zauna kaura, gero ya zauna gero, Keziya ba ta zama 'yar gayya ba. Ba a ce ku narke ku zama ƙungiya ɗaya ba. Rufi aka ce ku haɗa, da tsani, da ranar buɗewa. In kun yi haka za ku tarar tokar da kuke nema shekara goma tana hannun maƙwabciyarku, ita kuma ƙarfin da take nema yana kafaɗarku.

Abu na ƙarshe shi ne tsawon katangar. Habila ba mugun mutum ba ne. Shekara da shekaru yana gaisawa da Keziya ran Lahadi, da zuciya ɗaya, bai taɓa ba ta ko mudu ba, don bai taɓa ganin ƙasan rumbunta ba. Ran da ya gani, ba wanda ya yi masa wa'azi. Mu ma yawancin rowar da ke tsakaninmu rashin gani ne. Mun ɗaga katanga har sama, muna ce mata mutunci, ɗan'uwa yana sharar ƙasan rumbu a gefenmu ba mu sani ba.

Saboda haka kafin hadari ya haɗo, shugabannin ƙungiyoyi, ku nemi juna a makon nan. Kowa ya faɗi abin da yake da shi da abin da ya rasa, ba kunya. Ubangiji wanda ya rufe mu duka da alherinsa bai tambayi sunan ƙungiyar kowa ba. Ku riƙe katangarku, amma ku bar ta iyakar ƙirji, yadda in na gefenka ya ƙare za ka gani, kwando kuma ya iya tsallakawa.

Allah ya ba mu ikon aikatawa. Amin.